Allon Zamiya Mai Lantarki: Haɗa Shi da Hawansa

Kafin a shiga bayani, sai an fara sama wa abin suna. Katako ne mai tayoyi huɗu ƙanana, wanda mutum kan tsaya a kansa ya riƙa tura ƙasa da ƙafa ɗaya yana tafiya. Idan aka ari sunansa na Turanci aka Hausantar da shi, gaɓar farko za ta fito "siket", wanda kuwa a Hausa tufafin mata ne. Saboda haka a wannan maƙala za a kira shi allon zamiya. Masu wasan hawan igiyar ruwa na jihar Kalifoniya ta Amurka ne suka yaɗa shi a shekarun 1950, don su sami abin yi a ranakun da teku ta kwanta.

Wanda ake magana a kansa a nan shi ne mai aiki da batir. Ya yi farin jini bayan da kamfanin Boosted ya fito da nasa a shekarar 2012. Kamfanin ya durƙushe a 2020, amma masu haɗa nasu a gida suna nan, domin kayan duk ana sayar da su ɗai-ɗai.

Kayan ba su da yawa. Akwai shi kansa katakon, wanda aka fi so ya zama dogo domin ya fi zama daram. Akwai ƙaramin injin lantarki da ake ɗaurewa a ƙarƙashi kusa da tayar baya, da bel mai haƙora da ke kai juyin injin zuwa taya. Sai batir, da na'urar da ke sarrafa wutar da ke shiga injin, da kuma rimot da mahayi ke riƙewa a hannu. Na'urar sarrafawa da aka fi sani ita ce VESC, wadda wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin, Benjamin Vedder, ya ƙirƙira ya kuma saki tsarinta kyauta ga kowa.

Tun kafin a sayi komai ana iya lissafa gudun da allon zai yi. A ɗauki injin da ke juyawa sau 190 a minti ɗaya a kan kowane bolt na wuta. Da batir mai bolt 36, zai juya sau 6,840 ke nan. Idan ƙaramin gargare na jikin injin yana da haƙora 15, babban na jikin taya kuma yana da 36, tayar za ta juya sau 2,850 a minti. Taya mai faɗin milimita 90 tana cin kimanin santimita 28 a kowane juyi, wato wajen kilomita 48 a awa. Nauyin mutum da iska za su rage wani abu, amma ko kilomita 40 a awa gudun ɗan acaɓa ne a cikin gari, ga shi babu sitiyari, babu wurin zama, babu abin riƙewa.

A ganina a nan ne mafi yawan masu sha'awar abin suke karkatar da hankali inda bai dace ba. Tayar da allon ya ruga ba wuya. Aikin yana wajen tsayar da shi.

Allon ba shi da birki irin na keke ko babur. Idan mahayi ya ja rimot baya, na'urar sarrafawa takan mai da injin ya koma kamar ƙaramin janareta, ya riƙa turjiya, wutar da ya samar kuma ta koma cikin batir. Dabara ce mai kyau, sai dai tana da tarko. Batir ɗin da aka cika shi fal ba shi da wurin karɓar ƙarin wuta. Mutumin da gidansa ke kan tudu, ya yi caji cikin dare, ya fito da safe ya nufi gangara, yana iya jan birki na'urar ta yanke don kare kanta, allon ya ci gaba da gangarawa. Shi ya sa gogaggu ba sa fara tafiya da gangara bayan cikakken caji. Haka kuma idan bel ya tsinke, ko rimot ya rabu da na'urar, birkin ya tafi tare da su. Don haka wajibi ne mahayi ya koyi tsayawa ta hanyar jan tafin takalmi a ƙasa tun kafin ya ɗaura inji.

Batir kuwa shi ne mafi tsada kuma mafi haɗari. Ana haɗa shi da ƙwayoyin litiyam da ake kira 18650, sunan da ya fito daga girmansu: milimita 18 a faɗi, 65 a tsawo. Kowace ƙwaya tana ba da kimanin bolt 3.6, ta kai 4.2 idan ta cika. Guda 10 a jere su ne ke ba da bolt 36, sannan a jera irin wannan layi uku ko huɗu gefe da gefe don a yi tafiya mai nisa. Ana haɗa su da siraran ƙarafan nikel ta hanyar walda ta ɗigo, domin zafin ƙarfen dalma yana lalata ƙwayar. Dole kuma a sa musu allon kariya mai daidaita cajin ƙwayoyin.

Duk wanda ya san kasuwar Computer Village ta Ikeja ya san ana samun irin waɗannan ƙwayoyi da araha daga cikin tsofaffin batiran kwamfutar tafi-da-gidanka. Sun isa fitila ko ƙaramar fanka, amma ba a yi su don su ba da wuta mai yawa lokaci guda ba. Inji mai hawa tudu da mutum a kansa zai matsa musu su yi zafi, kuma wutar litiyam idan ta tashi kashe ta aiki ne. A 2016 hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta sa an janye kusan rabin miliyan na wani abin hawa mai taya biyu saboda batiransa suna kamawa da wuta, kuma waɗancan a masana'anta aka haɗa su.

Wajen hawa, ƙafa ɗaya a gaba ɗaya a baya, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, nauyi ya fi rinjaya gaba. Idan nauyin ya koma baya ana cikin gudu, allon yakan fara rawa hagu da dama har ya kayar da mutum. Dokar Kalifoniya da ta fara aiki a 2016 ta ce sai mai shekara 16 zuwa sama, da hular kwano, kuma kada gudu ya wuce mil 15 a awa, wato kimanin kilomita 24. Masu wannan doka titunansu sumul suke. Taya mai milimita 90 ɗan ƙaramin rami ko tsakuwa ya isa ya tsayar da ita cak, mahayi kuma ya wuce gaba. Wanda zai haɗa nasa a nan gida gara ya nemi manyan tayoyi masu iska, ya kuma rage iyakar gudun a cikin na'urar sarrafawa tun ranar farko.