Wa Da Ƙane, Labari Biyu

Ran 15 ga Maris 1903 sojojin Turawa suka kara da rundunar Sarkin Musulmi Attahiru a bayan ganuwar Sakkwato, ba nisa da Ƙofar Atiku. A lokacin nan Muhammadu Bello yana yaro ɗan wajen shekara 13, daga garin Kagara. Ƙanensa Abubakar Imam kuwa sai a 1911 aka haife shi, bayan ƙura ta lafa.

A 1933 Rupert East na ofishin fassara da ke Zariya ya sa gasar rubuta labarai da Hausa. Wa da ƙane duk suka shiga. Bello ya rubuta Ganɗoki, labarin jarumin da ya yaƙi Turawa, ya bar ƙasa, da ya komo ya tarar zamani ya sake. Imam ya rubuta Ruwan Bagaja, labarin yawon duniya da ban dariya, inda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke ta ƙulla wa juna tsiya.

To, mai karatu, gidansu ɗaya, gasarsu ɗaya. Me ya raba alƙalaminsu? Shekara 21 da ke tsakaninsu. Wan ya yi wayo lokacin da ƙasa ke faɗawa hannun baƙi, abin bai bar zuciyarsa ba. Ƙanen ya buɗe ido ya tarar da makarantar boko da littattafai. Gani ya kori ji.

Mu iyaye da malamai, sai mu lura. Yaran da ke zaune gabanmu suna kallo. Abin da suka gani a gidajenmu yau, shi za su ba da labari gobe.