Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo: Jama'a, Muhalli Da Zaman Haya A Gundumar Bronx

 

'Yan'uwa masu karatu, a gidajenmu da dama akwai ɗa ko ƙane ko miji da yake Amurka, wasu gidajen kuma akwai mai shirin tafiya. Idan aka tambayi inda mutum yake aka ce New York, sai zukata su kwanta, domin abin da ido ya saba gani shi ne dogayen benaye da fitilu. To amma New York gundumomi biyar ce, kuma wadda 'yan Afirka ta Yamma suka fi taruwa a cikinta ita ce Bronx. A can ne za a tarar da mutanen Gambiya da Senegal da Mali da Gini, da 'yan Nijar da Najeriya, da Hausawan zangunan Gana waɗanda suka kafa ƙungiyoyi da masallatai irin na Yankasa. Mun ga ya dace mu duba yadda ake rayuwa a wannan gunduma, don iyaye su san halin da 'ya'yansu suke ciki, ɗalibai kuma su ga yadda muhalli yake taɓa lafiya da tarbiyya har da rai kansa.

Ƙasa kaɗan, jama'a da yawa

Bronx ta samo sunanta daga wani Bature mai suna Jonas Bronck da ya kafa gona a wurin a shekarar 1639, kuma ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 1914. Faɗin ƙasarta kimanin murabba'in kilomita 109 ne. Ƙidayar 2020 ta sami mutum 1,472,654 a cikinta, wato kusan mutum 13,500 a kowane murabba'in kilomita. A duk Amurka gundumomi biyu ne kaɗai suka fi ta cunkoso, Manhattan da Brooklyn. Idan aka tuna cewa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar tata wuraren shaƙatawa ne da lambuna, za a gane cewa matsin da ke cikin unguwanni ya wuce abin da wannan lissafi ya nuna.

Fiye da rabin mazauna gundumar 'yan asalin ƙasashen da ake jin Sifaniyanci ne, musamman Jamhuriyar Dominika da tsibirin Puerto Rico. Baƙar fata sun haura kashi ɗaya cikin huɗu, kuma wajen mutum ɗaya cikin uku ba a Amurka aka haife shi ba. Ita ce mafi talauci a cikin gundumomi 62 na jihar New York: sama da kashi ɗaya cikin huɗu na jama'arta suna ƙasa da ma'aunin talauci na gwamnati. Duk da haka akwai unguwar masu hali kamar Riverdale, akwai Jami'ar Fordham, akwai kuma sakandaren kimiyya ta Bronx wadda ta yaye mutane da dama da suka ci lambar yabo ta Nobel. Wadata da rashi suna zaune kusa da juna, tafiyar 'yan mintoci a jirgin ƙasa ce ta raba su.

Yadda aka kai ga wannan hali

Talaucin unguwa ba ya sauka daga sama. Yana da tarihi. A shekarun 1930 hukumomin Amurka sun zana taswirorin birane, suka shafa jan launi a unguwannin baƙar fata da baƙin haure a matsayin wuraren da ke da haɗari ga mai ba da bashi. Bankuna suka janye hannunsu, gyaran gidaje ya tsaya. Daga 1948 zuwa 1972 kuma aka gina babbar hanyar da ta ratsa tsakiyar gundumar a ƙarƙashin jagorancin Robert Moses, aka rushe gidaje, aka tashi dubban iyalai, aka raba unguwanni gida biyu. Masu hali suka koma bayan gari, masana'antu suka rufe.

A shekarun 1970 abin ya kai maƙura. Birnin ya shiga matsin kuɗi, ya rufe wasu tashoshin 'yan kwana-kwana a daidai unguwannin da suka fi buƙatarsu. Wasu masu gidaje suka ga kuɗin inshora ya fi kuɗin haya, suka riƙa sa ana cinna wa gine-ginensu wuta. Kudancin Bronx ya koma kufai, har shugaban ƙasa Jimmy Carter ya je ya gani da idonsa a watan Oktoban 1977. Jama'ar gundumar ta ragu daga 1,471,701 a 1970 zuwa 1,168,972 a 1980. Sai da aka shekara arba'in kafin adadin ya koma inda yake, kuma baƙin haure, ciki har da 'yan'uwanmu Musulmi na Afirka ta Yamma, suna cikin waɗanda suka sake raya waɗannan unguwanni da shaguna da masallatai da makarantun Islamiyya.

Lissafin haya

A Bronx wajen magidanci ɗaya ne cikin biyar yake zaune a gidan kansa. Sauran huɗun 'yan haya ne. Matsakaicin abin da gida guda yake samu a shekara, a ƙididdigar da ta zo har 2023, bai kai dala 50,000 ba, matsakaicin kuɗin haya kuma kimanin dala 1,400 ne a wata. Wannan matsakaici ya haɗa da gidajen gwamnati da waɗanda doka ta taƙaita ƙarin kuɗinsu, saboda haka sabon zuwa yakan biya fiye da haka nesa ba kusa ba.

Mu yi lissafin tare. Mafi ƙarancin albashi a birnin a 2025 dala 16.50 ne a awa. Wanda ya yi awa 40 a mako zai tashi da kusan dala 2,860 a wata kafin a cire haraji. Haya kaɗai ta cinye rabi. A ma'aunin hukumomin can, duk wanda haya take cin fiye da kashi 30 cikin ɗari na samunsa yana cikin ƙunci, kuma fiye da rabin 'yan hayar Bronx a wannan hali suke. Masu gidaje da yawa kuma ba sa ba da haya sai mutum ya nuna samunsa na shekara ya ninka hayar wata sau 40. Ga hayar dala 1,400, ana neman dala 56,000 ke nan, abin da ya fi ƙarfin matsakaicin gida a gundumar. Binciken da birnin ya yi a 2023 ya gano cewa kashi 1.4 cikin ɗari ne kawai na gidajen haya suke babu kowa a ciki. Inda nema ya yi yawa abin nema ya yi kaɗan, mai gida shi ke da ta cewa.

Daga nan cunkoso yake tasowa. Iyali biyu su haɗu a sashe ɗaya, samari biyar ko shida su yi karo-karo su kama ɗaki biyu, mai aikin dare ya kwanta a gadon da mai aikin rana ya tashi. Ga Musulmi wannan ya wuce batun takura. Suratun Nur ta koyar da neman izini a lokuta uku da ma'aurata suke keɓewa, Sunna kuma ta yi umarni da raba wa yara wurin kwana idan sun kai shekara goma. Uban da yake da 'ya'ya biyar a ɗaki biyu yana son ya bi wannan koyarwa, sai dai labule da gado mai hawa biyu su ne iyakar abin da yake iyawa. Mai son ya sayi gida kuma yana fuskantar bashin banki mai ruwa. Majalisar fatawa ta Turai ta yi rangwame a kan wannan a 1999 saboda matsananciyar buƙata, wasu malamai suka saɓa mata, akwai kuma kamfanonin da suke sayar da gida ta hanyar tarayya ba tare da ruwa ba. Sai dai ga mafi yawan mutanen Bronx, tsadar gidan ta tare hanya tun kafin a kai ga wannan saɓani.

Iska da sanyi da wuta

Manyan hanyoyi sun kewaye kudancin gundumar, ga kuma babbar kasuwar abinci ta Hunts Point wadda dubban manyan motoci suke shiga da fita kullum. Hayaƙinsu, haɗe da danshi da kyankyasai da ɓeraye na tsofaffin gine-gine, ya sa ciwon asma ya yi katutu a tsakanin yaran unguwanni irin su Mott Haven. Shekara da shekaru Bronx ce ta riƙa zuwa ta 62 cikin 62 a jadawalin lafiyar gundumomin jihar.

Sanyi ma jarrabawa ne. Dokar birnin ta wajabta wa mai gida ɗumama gini daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, kada ɗumin ɗaki ya gaza digiri 20 da rana idan gari ya yi sanyi, da kusan 17 da dare. Inda ɗumin bai wadatar ba, sai mutane su koma ga hitar lantarki. A ranar 7 ga Maris 2007 wayar irin wannan hita ta haddasa gobara a unguwar Highbridge, mutum goma daga iyalai biyu 'yan Mali suka rasu, tara daga cikinsu yara ne.

Ranar Lahadi 9 ga Janairu 2022 aka sake ganin irin haka a benen Twin Parks mai hawa 19. Hita ce ta kama a wani sashe na ƙasa-ƙasa. Wutar ba ta yi nisa ba, amma ƙofar sashen, wadda doka ta ce dole ta riƙa rufe kanta, ta tsaya a buɗe, haka ma wata ƙofar matakala a hawa na 15. Hayaƙi ya bi matakalar ya cika ginin. Mutum 17 suka rasu, takwas yara, dukkansu hayaƙi ne ya shaƙe su, kuma mafi yawansu Musulmi ne 'yan asalin Gambiya. Mako guda bayan haka aka jera gawa 15 a Cibiyar Al'adun Musulunci ta Bronx aka yi musu salla, jama'a sun cika titi cikin tsananin sanyi. Allah Ya jiƙansu, Ya karɓi shahadarsu.

Mun yi imani da ƙaddara, kuma imani da ƙaddara ba ya ɗauke wa kowa alhakin sakaci. Ya tabbata a hadisi cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi al'umma cewa wuta abokiyar gaba ce, a kashe ta idan za a kwanta. Wannan gargaɗi ya hau kan mai kunna hita ya yi barci, ya kuma fi hawa kan mai ginin da yake karɓar haya ya bar ƙofa a lalace, da jami'in da aka ɗora wa duba gini.

Abin da ke riƙe da jama'a

Bronx ba ta rasa abin koyi ba. A arewa maso gabashinta akwai Co-op City, rukunin dogayen benaye 35 mai sassa sama da 15,000, wanda aka fara shiga a 1968. Mazauna wurin su ne masu hannun jarinsa, kuma an ƙayyade farashi don ma'aikaci mai matsakaicin samu ya iya zama. A 2017 birnin ya kafa dokar bai wa talakan ɗan haya lauya kyauta idan mai gida ya kai shi kotu don ya tashe shi. Wanda aka hana ɗumi yana iya kiran lamba 311 ya kai ƙara. Makarantun gwamnati suna hutun Sallah ƙarama da babba tun bayan sanarwar 2015, a 2023 kuma aka ba masallatai damar ɗaga kiran sallar Juma'a, da na magariba a Ramadan, ba tare da neman izini ba. A Nuwamban 2025 aka zaɓi Zohran Mamdani, Musulmi na farko da ya zama magajin garin New York, kuma tsadar haya ce kan gaba a abin da ya yi yaƙin neman zaɓe a kai.

A ƙasan duk wannan akwai masallatan unguwa, waɗanda yawancinsu shaguna ne aka mayar. A nan baƙo yake samun wurin kwana na makon farko, a nan ake adashi, a nan ake tara kuɗin jana'iza ko na mayar da gawa gida. Aikin da zango yake yi a Kumasi ko Accra shi masallaci yake yi a Bronx.

Nasiha ga gidajenmu

Ga iyaye da 'yan'uwan wanda yake can: dala ɗari da ta iso hannunku ragowar haya ce da kuɗin jirgi da awoyin tsayuwa cikin sanyi. A sassauta buƙatu, a daina auna mutum da abin da ɗan maƙwabci ya aiko, domin matsin gida yana cikin abin da ke sa bawan Allah ya zauna a ɗakin ƙarƙashin ƙasa marar taga don ya rage kashewa. Idan an yi waya, a tambaye shi inda yake kwana da ko akwai ɗumi, kafin a tambaye shi saƙo.

Ga waɗanda suke can: a faɗa wa na gida gaskiyar hali, kada hoto ya yaudari ƙanne. A duba ƙararrawar hayaƙi, a kashe hita kafin barci, a ja ƙofa idan ana gudun wuta, a kai ƙarar mai gidan da ya ƙi gyara, domin neman haƙƙi ta hanyar doka ba rashin tawakkali ba ne. Ga ɗalibai masu niyyar tafiya kuma: a nemi sanin kuɗin ɗaki kafin a nemi sanin albashi, a kuma san wanda zai tarbi mutum tun kafin a sayi tikiti.

Allah Ya tsare bayinSa a inda duk suke, Ya yalwata musu muhalli da arziki na halal, Ya haɗa kowa da iyalinsa cikin alheri. Amin.