Ambaliyar ma'aji: kuskuren da ke iya kama manhajar da ke binciken faɗuwar kwamfuta

A ranar 19 ga Yulin 2024, wani ɗan fayil da kamfanin tsaron intanet na CrowdStrike ya aika wa abokan cinikinsa ya durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 masu amfani da Windows, bisa ƙiyasin Microsoft. Jiragen sama sun kasa tashi, asibitoci sun ɗage tiyata. Kamfanin jiragen Delta kaɗai ya soke tashi kusan 7,000. Daga baya CrowdStrike ya bayyana cewa manhajarsa ta nemi bayani na 21 a jerin da ke ɗauke da 20 kacal, ta leƙa wajen iyakar da aka keɓe mata a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Da yake manhajar tana aiki ne a cikin kanal, wato zuciyar tsarin da ke raba wa kowace manhaja wuri da lokaci, faɗuwarta ta janyo faɗuwar komai.

Hujjar da masana suka bi sawu a kanta ita ce hoton ƙwaƙwalwa. Idan kanal ya ga ya rikice, yakan tsayar da kansa, a kwafe abin da ke cikin ƙwaƙwalwar a daidai wannan lokaci a adana. A Linux, wanda ke riƙe da mafi yawan manyan kwamfutocin da intanet ke gudana a kansu, dabarar ana kiranta kdump. Tun daga lokacin kunna na'ura ake ware wani yanki na ƙwaƙwalwa a ajiye ƙaramin kanal na biyu. Na farko na faɗuwa, na biyu ya farka ya kwashe abin da aka bari. Wata manhaja mai suna makedumpfile ta tace shi ta rage masa girma, sannan injiniya ya buɗe shi da wata mai suna crash, wadda Dave Anderson na kamfanin Red Hat ya daɗe yana kula da ita.

Waɗannan manhajoji ma mutane ne suka rubuta su, akasari da harshen C, kuma harshen C ba ya hana mai rubutu zuba mudu uku a kwanon da ke cin mudu ɗaya. Abin da ya yi saura yakan malala ya danne bayanin da ke maƙwabtaka. Wannan ita ce ambaliyar ma'aji, kuma kuskuren CrowdStrike ɗan'uwanta ne na jini: a can karatu aka yi a wajen iyaka, a nan rubutu ake yi.

Misali zai fayyace. Kanal na Linux yana ware wa sunan kowane aiki da ke gudana gurbi 16, na ƙarshe a cikinsu sifili ne mai nuna inda sunan ya ƙare. Mai rubuta manhajar bincike yana iya ware gurbi 16 shi ma, ya yi amfani da umarnin strcpy, wanda ke ci gaba da kwafa har sai ya tarar da sifilin. A lafiyayyen kanal hakan ba zai taɓa ba da matsala ba. Amma manhajar bincike ba lafiyayyen kanal take karantawa ba. Ragowar wanda ya riga ya lalace ake miƙa mata, kuma mai yiwuwa ne lalacewar ta shafe sifilin. Sai kwafin ya zarce. In an yi sa'a, manhajar ta faɗi, injiniya ya rasa hanyar gano musabbabin matsalar. In ba a yi ba, wanda ya shirya fayil ɗin da gangan yana iya danne adireshin da manhajar za ta koma, ya karkatar da ita ga nasa umarnin, alhali sau da yawa da cikakken ikon mai gudanarwa ake sarrafa irin waɗannan kayan aiki.

Gyaran kansa ƙarami ne, wani lokaci layi uku ko huɗu. A auna tsawon abin da za a kwafa kafin a kwafa, a yanke shi a iyakar ma'ajin, a saka sifilin da hannu, kuma a daina gaskata duk wani adadi da aka karanto daga cikin hoton. Wahalar tana wajen gano gurbin, domin ambaliya takan yi ɓarna a nan, alamarta ta bayyana can nesa. Shi ya sa ake haɗa manhajar da AddressSanitizer, wanda injiniyoyin Google suka ƙirƙira, don ya tsayar da ita a kan layin da ta ƙetare iyaka, sannan a yi ta ciyar da ita gurɓatattun fayiloli dubu-dubu a ga wanda zai kayar da ita. Gyara ɗaya bai isa a yi barci ba: inda aka ga strcpy ɗaya, galibi akwai 'yan'uwansa a wasu fayilolin.

Hoton ƙwaƙwalwa kansa dukiya ce mai haɗari, tunda yana iya ƙunsar kalmomin sirri da makullan ɓoye bayanai. A watan Mayun 2025 kamfanin Qualys ya nuna cewa wani rauni na daban a Apport na Ubuntu da systemd-coredump yana iya bai wa mai ƙaramin iko damar karanta irin waɗannan sirrika.

Abin takaicin shi ne tsufan cutar. Tsutsar Morris ta bi ta ambaliyar ma'aji ta bazu a intanet tun 1988. A 2019 Microsoft ya ce kusan kashi 70 cikin 100 na raunin tsaron da yake toshewa kowace shekara daga kurakuran ƙwaƙwalwa suke. A Fabrairun 2024 Fadar White House ta fitar da rahoto tana kira ga kamfanoni su koma harsunan da ke tsare iyaka da kansu, irin su Rust, wanda ya fara shiga kanal na Linux a ƙarshen 2022. Sai dai kira ne, ba doka ba, kuma miliyoyin layukan C da aka riga aka rubuta suna nan suna aiki. Ko bayan an amince da gyara, sai Red Hat da Debian da Ubuntu sun saka shi a nasu rabon, sannan ma'aikacin banki ko na ma'aikatar gwamnati ya sabunta na'urarsa, matakin da kan ɗauki watanni a wuraren da ba a ware wa aikin kasafi ba.