Yadda Ake Koyon Bai Wa Kwamfuta Umarni

Duk wanda ya taɓa latsa lambobi a wayarsa don ya tura kuɗi ya ga yadda take jero masa tambayoyi bi da bi: nawa za a tura, wa za a tura wa, mece ce lambar sirri. In ya kuskure lamba ɗaya sai ta ƙi. Babu wani ma'aikacin banki da ke zaune yana amsa masa. Wani mutum ne ya riga ya rubuta wa na'ura abin da za ta tambaya, da abin da za ta yi da kowace amsa. Wannan rubutaccen umarni shi ake kira manhaja, aikin rubuta shi kuwa sana'a ce da ake koyo kamar ɗinki ko kafinta.

Ya kamata iyaye su bambance abu biyu tun kafin su biya kuɗin makaranta. Koyon buga takarda da kwamfuta daban, koyon rubuta manhaja daban. Na farko kamar koyon tuƙin mota ne, na biyu kuwa ya fi kusa da ƙera ta. Akwai wuraren da ke karɓar kuɗi da sunan na biyun, alhali buga wasiƙa kawai suke koyarwa. Uba ya tambaya tun a ranar farko: yaron nan zai rubuta wani abu da kansa wanda na'ura za ta aikata?

Sunan da aka ba ta, na'ura mai ƙwaƙwalwa, yakan ruɗi mutane. Kwamfuta ba ta da wayo ko kaɗan. Abin da take da shi sauri ne da biyayya. Lambobi biyu kawai ta sani, 0 da 1, har ma harafin A a wurinta 01000001 ne. In aka aiki yaro kasuwa aka ce ya sayo gishiri, ya san ya ɗauki kuɗi, ya san hanya, in babu a wannan rumfa ya duba ta gaba. Ita kuwa sai an faɗa mata kowane taki, in aka tsallake ɗaya nan za ta tsaya, ko ta yi ɓarna. Jerin matakai irin wannan, wanda ba a bar komai a duhu ba, Turawa na kiransa algoridim. Kalmar ta samo asali ne daga sunan Muhammadu ɗan Musa Alkhawarizmi, masanin lissafi da ya yi aiki a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, wajen shekara ta 820.

To, ga misali daga cikin gida. A ce mata 12 suna adashi, kowace tana zuba naira 1,000 ranar Juma'a, uwar adashi kuma tana so na'ura ta riƙa yi mata lissafi. Da farko sai a tanadi wuraren ajiya, kamar ƙananan ƙorai, kowace da sunanta. Ƙwarya ɗaya a sa mata suna zubi a ajiye 1000 a ciki, wata a kira ta jimla a fara da 0. Sunan ƙwarya ba ya canzawa, abin da ke cikinta ne yake ƙaruwa ko ya ragu.

Sai sharaɗi. A ce wa na'ura: in wance ta zuba, ƙara 1000 a jimla, in ba ta zuba ba, sa sunanta cikin masu bashi. Ba sai an rubuta wannan sau 12 ba. Sau ɗaya ake rubutawa, a ce mata ta maimaita shi a kan kowane suna har jerin ya ƙare. A nan ne amfanin na'urar yake, don ko mata dubu ne, umarnin bai ƙaru da layi ɗaya ba. In kuma akwai wani aiki da za a riƙa bukata a kai a kai, alal misali gano wadda za ta yi kwasa, sai a dunƙule matakansa a ba su suna guda, duk sa'ad da aka kira sunan sai aikin ya gudana. Ajiya, sharaɗi, maimaici da dunƙule aiki, a kan waɗannan aka gina manhajar banki da ta jarrabawar JAMB, sai dai tasu ta fi yawa nesa ba kusa ba.

Yanzu a dubi inda ake tuntuɓe. Juma'ar farko lissafi ya fita daidai, 12,000. Juma'a ta biyu na'ura ta ce an tara 24,000. Me ya faru? An manta a ce mata ta mayar da jimla 0 kafin sabon zubi, sai ta ɗora na yau a kan na makon jiya. Ba za ta yi gardama ba, ba za ta ji kunya ba, abin da aka ce ta yi shi ta yi. Neman irin wannan kuskure da gyara shi yana cin lokacin mai rubuta manhaja ƙwarai, gwani da ɗan koyo duka. Turawa kan kira kuskuren ƙwaro, har a 1947 ma'aikata a jami'ar Harvard ta Amurka suka ciro ƙwaro na gaske daga cikin wata na'ura, suka manna shi a littafin aiki. Saboda haka ɗalibin da ya ga jan rubutu ya cika masa fuskar na'ura kada ya ce kansa ne ba ya ja. Ya karanta saƙon a hankali, galibi yakan faɗi layin da matsalar take.

Da wane harshe ake rubutawa? Harsunan na'ura suna da yawa. A da, BASIC ake fara koya wa ɗalibai, wanda aka ƙirƙiro a kwalejin Dartmouth a 1964. Yanzu an fi farawa da Python, wanda Guido van Rossum, mutumin ƙasar Holan, ya fitar a 1991, kuma kyauta ne. Ga yadda lissafin adashin zai fara a cikinsa:

zubi = 1000
mata = 12
print(zubi * mata)

Na'ura za ta nuna 12000. A lura, ba a sa waƙafi a cikin lamba, tauraro shi ne alamar sau, kuma sunayen ƙorai da Hausa aka rubuta su, na'urar ba ruwanta. Kalmomin da Python ya keɓe wa kansa 35 ne kacal, don haka ƙarancin Turanci ba ya hana farawa. Amma gaskiya sai an ƙara himma a kansa daga baya, don saƙonnin kuskure da yawancin littattafan da Turanci suke. Wani abin da ke rikita sabon shiga shi ne Python daga 0 yake fara ƙirga, watau mace ta farko a jeri ita ce 0, ta goma sha biyu ita ce 11. Ga yara kuwa akwai Scratch, wanda cibiyar MIT ta fitar a 2007, inda ake harhaɗa umarni kamar tubala ba tare da buga rubutu ba.

Rashin wutar lantarki da tsadar kwamfuta matsala ce ta gaske a karkara, sai dai rabin aikin a takarda ake yinsa. Ɗalibi ya rubuta matakan da Hausa, ya ba ɗan'uwansa ya zama na'ura, ya bi su kamar yadda aka rubuta ba ƙari ba ragi. Nan da nan giɓi zai bayyana. Bayan haka wayar Android ta isa gwaji, akwai manhajoji irin su Pydroid 3 da ke sarrafa Python ko babu intanet. Gwamnatin Tarayya ma ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 don horar da mutum miliyan uku a fannonin fasahar zamani, har da rubuta manhaja.

Tun daga 2022, da ChatGPT ya fito, ana iya tambayar na'ura ta rubuto manhaja sukutum. Wannan taimako ne ga wanda ya riga ya iya, amma tarko ne ga mai koyo, domin ita ma tana kuskure, kuma wanda bai taɓa neman 24,000 ɗin nan da kansa ba ba zai gane an cuce shi ba. Gara ya rubuta nasa tukuna, in ya cije ya tambaye ta dalilin kuskuren. Rabin awa kullum ya fi yini guda a mako. In lissafin adashi ya zauna, sai ya ƙara masa tara ga wadda ta makara, daga nan ya gwada na awon hatsi, mudu nawa ke cikin buhu da ribar da ta rage bayan kuɗin mota da na dako.