Mai Ciwon Sukari da Hawan Jirgin Sama

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sam mini ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana na Bebeji, da Kiru, da Tudun Wada, da Doguwa, tun ba masu shirin hawan jirgin sama da ciwon sukari a jika ba.

Ni akawu ne, ina kuwa da irin ciwon sukarin nan da likitoci ke kira na ɗaya, wanda ya fi kama yara da samari. Ba irin na dattawa ba ne da akan lallaɓa da ƙwaya. Mu jikinmu ya bar yin insulin ɗungum, sai allura kullum. Kafin Banting da Best su gano maganin nan a Toronto ta ƙasar Kanada cikin 1921, yaron da ciwon ya kama ba ya daɗewa.

Ran da aiki ya fara kai ni Ikko ta jirgi, wani yayana da ya riga ni buɗe ido ya ce, "Kul ka riƙe allura a hannu, masu bincike ƙwacewa za su yi." Na bi maganarsa, na zuba kome cikin babban akwati na miƙa. Na sauka lafiya, akwati bai sauka ba. Daren nan ƙishirwa ta hana ni barci, fitsari ba iyaka, kafin asuba amai ya soma. Da gari ya waye na bi kantunan magani. Na farko ba shi da irin nawa, na biyu ya ce ina takardar likita? Ba ni da ita. Sai a gadon asibiti na sami allura. Akwati ya iso ran na uku, likita ya ce in zubar da maganin ciki, don ba wanda ya san ko ya daskare a cikin jirgi ko ya gasu a rana. Insulin kuwa in ya daskare ya lalace, ko da ya narke.

Yayana bai yi ƙarya duka ba. Tun 2006 ne aka hana shiga jirgi da abin ruwa wanda ya wuce mililita 100. Amma an keɓe magani, shaida kaɗai suke bukata. Saboda haka kafin tafiya mutum ya sa likitansa ya rubuta masa takarda da Turanci, da sunansa daidai yadda yake cikin fasfo, da sunan ciwon, da na insulin ɗinsa, da yawan abin da yake yi, da cewa tilas ya riƙe allurai da na'urar gwajin jini. A buga hatimin asibiti. A bar magani cikin kwalinsa, a nuna shi tun ba a tambaya ba. Tun da na fara haka ba wanda ya tsai da ni.

Mu mutanen kudancin Kano muna da wata wahala tun ba mu ga jirgi ba. Wanda ya taso daga Doguwa, ya keta dajin Falgore, ya wuce Tudun Wada, ya ɓulla Kwanar Dangora, kafin ya kai filin jirgin Malam Aminu Kano ya sha rana cikin mota. A gida in ba wuta, gindin randa ke cetonmu, amma randa ba ta shiga mota. Kwalbar da aka buɗe takan yi kamar mako huɗu in zafi bai wuce digiri 30 ba. Ni nakan naɗe tawa da tsumma mai laima, ba na barin ta a but, ba na kuma ɗora ta kan ƙanƙara.

Maniyyata kuma su tuna agogon Makka yana gaban namu da awa biyu, su tambayi likita yadda za su gyara lokacin allura. Su ɗauki ninkin abin da suke bukata, su raba jakar hannu biyu, su sa dabino a aljihu don ran da sukari ya faɗi. A cikin jirgi kada a yi allurar abinci sai abincin ya zo gaba.

Ina roƙon malaman makaranta su karanta wa iyayen yara wannan.

Naka,
Wani Akawu, Tudun Wada.