Turancin cinikin gado a Zangon Kwatano

Da zarar an sa ranar aure a Zangon Kwatano, hankalin iyayen amarya sai ya koma kan kayan ɗaki: gado da katifa, kujeru, madubi, labule, kafet, da tangaran ɗin da za a yi jere da su. Wannan al'ada ta bi Hausawa duk zangon da suka sauka. Abin da ke sauyawa daga gari zuwa gari shi ne harshen da ake cinikin da shi.

A Jamhuriyar Benin Faransanci ne harshen hukuma, a kasuwannin Kwatano kuma harshen Fon ne ya fi tashi, ga Yarbanci, ga Hausa. Amma iyakar Najeriya ta Seme-Krake na nan kusa, bayanta Badagry, sai Legas. 'Yan Najeriya ba sa yankewa a birnin: ɗaliban jami'o'i masu zaman kansu, dillalan motoci, 'yan kasuwa. Duk wanda ya kama ɗakin haya a unguwar Gbégamey ko maƙwabtanta yana bukatar katifa da tebur da fanka, kuma da yawansu ba sa jin Faransanci. Saurayin Zango da ya iya Turanci shi ke shiga tsakaninsu da kafinta, ya samu la'adarsa.

Ana koyar da Turanci a makarantun sakandaren ƙasar tun daga ajin farko, har da makarantar CEG Gbégamey. Sai dai darasin sayen kayan ɗaki da ake samu a littattafan koyon Turanci na waje yakan zo da kantin da aka manna wa kowace kujera farashi, a biya da kati, a kai wa mutum har gida. A rumfar kafinta babu wannan. Mai saye zai taya, mai kaya ya ce albarka, a yi ta ja har a kai ga sallama. Saboda haka jimlolin da suka fi amfani ga mai koyo gajeru ne: nawa ne, nawa za a bari, da wane katako aka yi, yaushe za a gama, nawa za a bayar kafin alƙalami.

Wurin da aka fi yin asara shi ne awo. Ɗan Najeriya da ƙafa da inci yake auna gado. Zai ce yana son "six by six", wato ƙafa 6 tsawo, ƙafa 6 faɗi. Kafintan Kwatano kuwa da santimita ya koyi aiki, kuma yakan kira katifa da yawan mutanen da za ta ɗauka, mai wuri biyu ko mai wuri uku. Ƙafa ɗaya santimita 30.48 ce, inci ɗaya kuma 2.54, don haka ƙafa 6 ta kusa santimita 183. Idan tafinta ya ce 180 don sauƙin lissafi, aka yanka katakon tek a kan haka, katifar Vitafoam ko Mouka da Hajiya ta sayo wa 'yarta daga Legas za ta iya ƙin zama cikin gadon. Katakon da aka riga aka yanka kuwa ba ya komawa. Malamin da ya shiga aji da tef ɗin awo, ya sa ɗalibai su auna ƙofa da taga su faɗi adadin da Turanci, ya fi wanda ya cika allo da sunayen kujeru amfani nesa ba kusa ba.

Kuɗi ma da nasa tarkon, har tsakanin Hausawa. A ƙasashen sefa, dala ita ce sefa 5, jaka kuma sefa 1,000. A Kano jaka naira 200 ce. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kan kowane ɗaya, naira kuwa tana hawa da sauka tun da aka sake ta a watan Yunin 2023. Ƙari a kan haka, 15 da 50 suna kama da juna a bakin mai Turanci, haka 13 da 30. Shi ya sa ya kamata mai koyo ya saba maimaita farashi, ya ambaci sunan kuɗin, sannan ya rubuta adadin a waya ya nuna wa mai saye.

Atisayen irin wannan ciniki ba ya bukatar kuɗi. Mutum biyu sun isa: ɗaya ya zama Alhaji mai saye, ɗaya kafinta, su yi ciniki su naɗi muryarsu a waya, su saurara, su yi musayar matsayi. Yana da kyau kunne ya saba da Burokan Legas ma, domin shi ne yawancin masu saye ke yi.

Kasuwar 'yan Najeriya takan ja da baya. An ga haka lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma Janairun 2024 da ta dakatar da tantance takardun digiri na Benin da Togo. Ko a irin wannan lokaci Turancin bai rasa aiki, domin ɗan kasuwar da ke odar kujeru daga Chaina, Dubai ko Turkiyya galibi da shi yake tambayar awo, launin yadi da ranar da kwantena za ta iso tashar jiragen ruwan Kwatano.