Yadda masana ke auna sarƙewar kwantum a cikin maganaɗisu

A shekarar 2022 aka ba Alain Aspect da John Clauser da Anton Zeilinger kyautar Nobel saboda gwaje-gwajensu kan sarƙewar kwantum, wato yanayin da ƙwayoyi biyu ke ɗaure da juna har ba a iya bayanin halin ɗaya ba tare da ɗayar ba. Mafi yawan aikinsu a kan ƙwayoyin haske ne, bibbiyu. Abin da ya fi wuya shi ne auna wannan alaƙa a cikin daskararren abu mai ƙwayoyin da ba sa ƙirguwa.

Kowane ilektron tamkar ƙaramar allurar kamfas ce, siffar da masana ke kira sifin. A wasu ma'adanai alluran kan jeru a layi, kowace tana jin tasirin maƙwabtanta biyu, ta gaba da ta baya. Wannan ita ce sarƙar sifin. Idan aka kawo maganaɗisu mai ƙarfi ta gicciye, sai ja-in-ja ya tashi: maƙwabta na son su fuskanci waje guda, maganaɗisun na son karkatar da su. A daidai inda ƙarfin biyu ya yi kunnen doki ne alaƙar kwantum ke kaiwa nesa a cikin sarƙar.

Ido ba ya ganin wannan. Niyutron ake harbawa cikin ma'adinin, domin ba shi da cajin lantarki amma yana da nasa sifin, sannan a auna kuzarin da ya rasa da inda ya karkata.

Da wannan dabara ce Radu Coldea na Jami'ar Oxford da abokan aikinsa suka binciki wani ma'adinin kobalt, suka buga sakamakon a mujallar Science a 2010. Tsarin alluran ya rushe a wajen tesla 5.5, alhali yawancin na'urorin MRI na asibiti tesla 1.5 ko 3 ne. Dab da wannan gaɓa, kuzarin motsi na biyu ya kusa ninka na farko sau 1.618, kamar yadda lissafin Alexander Zamolodchikov ya yi hasashe kimanin shekaru 20 kafin nan.

A 2021 masana a cibiyar Oak Ridge ta Amurka suka ƙara gaba, suka fitar da gwargwadon sarƙewar kanta daga bayanan niyutron, suka kuma nuna maganaɗisu na iya ƙara ta ko rage ta. A ganina nan ne amfanin yake, domin mai neman ma'adinin da zai gina na'urar kwantum da shi yana bukatar ma'auni kafin ya zuba kuɗinsa. Sai dai gwajin Coldea ya bukaci sanyin da bai kai digiri ɗaya sama da ƙarshen sanyi ba.